Buckler's Hard, inda aka ƙera Agamemnon

Daga tashar Waterloo a Landan na hau jirgin ƙasa zuwa Brockenhurst, na kama tasi zuwa ƙauyen Beaulieu. Dawaki da jakuna na yawonsu a kan kwalta ba makiyayi, direba sai dai ya taka birki ya jira su ga dama. Daga nan na bi gaɓar kogi a ƙafa, kamar mil 2, har Buckler's Hard.

Ƙauyen layi biyu ne kacal na gidajen jan bulo, suna kallon juna, da fili mai faɗi a tsakani da ya gangara har bakin ruwa. Na tarar ruwa ya janye, baƙaƙen katakai sun leƙo daga laka, ragowar magangarar da ake turo sabon jirgi ta kai.

A nan Henry Adams ya ƙera Agamemnon, jirgin yaƙi mai igwa 64, aka sa shi ruwa a 1781. Horatio Nelson, shahararren jagoran sojan ruwan Ingila, ya zama kyaftin ɗinsa a 1793, yana kan riƙonsa ne ya rasa ganin idon dama a Calvi, tsibirin Kosika, a 1794. Jirgin ya halarci yaƙin Trafalgar a 1805, sannan ya kafe a gaɓar Maldonado ta Uruguwai a 1809.

Sunan ne ya tsaya mini a rai. A tatsuniyar Girkawa, Agamemnon sarki ne da ya jagoranci yaƙin Turoi. Da iska ta ƙi kaɗawa jiragensa suka kasa tashi, sai ya ba da 'yarsa Ifijeniya aka yanka. Da ya dawo gida, matarsa ta kashe shi. Ni dai ko kwalekwale ba zan raɗa wa sunan nan ba.

Turawan Ingila kuwa ba su gaji da shi ba. Wani jirgi mai suna Agamemnon ne ya taya shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin tekun Atilantika a 1858. A kan wani kuma Daular Usmaniyya ta sa hannu kan tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a tashar Mudros ta Girka, 1918.

Nawa gwanin shi ne Agamemnon na fatauci, wanda Alfred Holt na Libaful ya sa aka ƙera a 1865. Injinsa ba ya cin gawayi da yawa, shi ya sa ya iya zuwa Sin ɗauko ganyen shayi ta ƙasan Afirka ya ci riba, tun ba a buɗe mashigin Suwez ba.