Sabuwar ƙwaƙwalwa a tsohuwar ThinkPad, da zafin Zariya

Sana'ata haɗa bidiyon biki: kamu, ɗaurin aure, walima, wani lokacin saukar karatu. Ɗan shagona yana Tudun Wada, kuma na'urar da ke ciyar da ni Lenovo ThinkPad T440p ce, ƙirar 2013, wadda na saya ta hannu. Ta zo da furosesa, wato cip ɗin da ke yi wa na'ura lissafi, ƙirar Intel i5-4300M mai ƙwaƙwalwa biyu a cikinta, gudunta 2.6 GHz, tana iya hawa zuwa 3.3 idan aiki ya matsa. Wajen rubutu da shiga intanet ba ni da abin cewa a kanta. Fitar da bidiyo ne ke nuna shekarunta. Sai ka gama yanka da jerawa, ka danna a fitar, ka je ka yi sallah ka ci abinci ka dawo, tana nan tana rarrafe, ga dangin amarya suna ta kira a waya. Idan kuma aka ɗauke wuta a tsakani, batir ba ya kai ta ƙarshe.

Kuɗin sabuwar laftof mai ƙarfi ba su a hannuna, kuma a yadda dala take ban ga ranar zuwansu kusa ba. Abin da ya cece ni shi ne T440p tana cikin laftof na ƙarshe da ake iya cire wa furosesa da sukudireba. Furosesar tana zaune ne a soket, wanda ake kira G3, ba a liƙe take da dalma a jikin bod ba. Daga zubi na biyar na Intel zuwa yau, kusan duk laftof liƙe musu ita ake yi. Saboda haka ɗaliban Samaru da Kongo da ke zuwa suna tambayata ko za a iya mayar musu da i5 ɗinsu i7, abu na farko da nake dubawa shi ne harafin ƙarshen lambar furosesar. A zubi na huɗu, wadda ta ƙare da M ko MQ ko MX a soket take. Wadda ta ƙare da U ko Y ko HQ a liƙe take, kuma magana ta ƙare a nan. Lambobin 4700MQ da 4700HQ harafi ɗaya ya raba su, ɗaya tana da ƙafafu, ɗayar ba ta da su.

Masu tsofaffin HP EliteBook 8470p da Dell Latitude E6430 da ThinkPad T430, waɗanda suka cika gari, su ma suna da dama, sai dai soket ɗinsu G2 ne, kuma furosesar G2 ba ta shiga G3. Akwai wani tarko da ya kamata masu ƙananan laftof na wancan zamanin su sani, irin waɗanda suka zo da Pentium ko Celeron. Da yawansu bod ɗinsu na ɗauke da cip mai suna HM70. Za ka sa mata i5, ta tashi lafiya lau, ka yi murna, bayan minti 30 cif ta mutu da kanta. Haka aka tsara ta, ba lalacewa ba ce, kuma babu man da za ka shafa ya hana.

Zaɓi biyu ya rage min: i7-4702MQ da i7-4700MQ. Duk ƙwaƙwalwa huɗu gare su. Ta farkon wat 37 take ci, daidai da tsohuwar tawa, don haka fanka ba za ta ji wani sabon nauyi ba. Ta biyun wat 47 ce, ta fi gudu kaɗan, ta fi zafi, kuma ita ce na samu da sauƙi. Ita na ɗauka. Wani abokin sana'a da ke sayayya a Computer Village ta Ikeja ya aiko min da ita cikin kayansa. Kafin ya biya na ce ya turo min hoton jikinta, in ga lambar SR15H. Akwai furosesoshin gwaji da ke yawo a kasuwa, an rubuta musu Intel Confidential, waɗanda ba don sayarwa aka yi su ba. Suna da araha, wasu suna aiki, amma na'urar da nake cin abinci da ita ba wurin gwada sa'a ba ce.

Na je wajen wani dattijo mai gyara a PZ, nan Zariya, neman sukudireba mai kyau da man furosesa, wanda ake shafa mata don zafinta ya wuce zuwa ƙarfen da ke janye shi. Da na gaya masa abin da nake shirin yi, har da ƙara mata gudu fiye da yadda kamfani ya tsara, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni.

"Malam, ka taɓa buɗe fankar nan tun da ka saye ta?"

Na ce, "Ina hura mata iska ta waje, Baba."

Ya ce, "To ka fara da nan. Ganga in ta faye zaƙi, fashewa take yi. Kuma cajarka wat nawa ce?"

Cajata wat 65 ce. Ya ce in nemi mai 90, ta asali ko da tsohuwa ce, kada in sayi irin marasa nauyin nan da ake rubuta musu abin da ba su da shi. Wannan shawara ta caja ta fi min amfani fiye da yadda na zata a lokacin, domin ThinkPad tana gane ƙarfin cajar da aka sa mata, kuma idan ta ga wutar ba za ta ishe ta ba, sai ta rage wa furosesa gudu ba tare da ta yi maka bayani ba.

Aikin canjin kansa ba shi da wuya. Ka kashe na'ura, ka cire caja da batir, ka taɓa ƙarfe don wutar da ke jikinka ta sauka, musamman a lokacin hunturu da iska ta bushe, har riga ma tana tartsatsi. Ƙusoshi biyu ke riƙe da murfin ƙasan T440p. Da ka zare shi, ga fanka da bututun jan ƙarfen da ke janye zafi. Ƙusoshin da suka danne shi a kan furosesa suna da lamba, ana sassauta su bi da bi, kaɗan-kaɗan, don kada nauyi ya taru a gefe guda. Soket ɗin yana da makulli nasa, ɗan juyi da sukudireba ya isa, sai furosesar ta ɗago ba tare da an ja ta ba. Sabuwar tana da alamar kusurwa uku mai ruwan zinare a lungu ɗaya, ka daidaita ta da alamar da ke jikin soket, ka sake ta ta zauna da nauyin kanta. Idan ba ta zauna ba, to ba ta daidaita ba, kada a danna. Ƙafafunta ɗari tara da wani abu ne, siraran gaske, lanƙwasa guda ɗaya ta isa ta jawo maka asarar kuɗinka.

Abin da na tarar tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita shi ya gaskata dattijon nan. Ƙurar hunturu ta shekaru ta haɗu da zare da gashi ta zama tabarma, ta toshe mafi yawan hanyar. Hurawa ta waje ba ta fitar da irin wannan, ƙara cusa ta ciki take yi. Tsohon man kuwa ya bushe ya zama gari. Na goge shi da sifirit da tsumma mai laushi har gilashin furosesa ya yi ƙyalli, na sa Arctic MX-4. Furosesar laftof ba ta da murfin ƙarfe irin ta kwamfutar tebur, gilashinta tsirara yake, kuma na zubi na huɗu dogo ne siriri, don haka na shimfiɗa man siriri ya rufe shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Duk lungun da ya rasa mai, ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashinsa za ta fi 'yan uwanta zafi.

Na kunna, ta tashi, BIOS, wato manhajar bod da ke fara tashi kafin Windows, ta nuna sabon suna. Bidiyon farko da na fitar ya ɗauki kusan rabin lokacin da na saba jira. Ban taɓa komai na ƙarin gudu ba tukuna. Dalilin a fili yake: tsohuwar tana aiki da ƙwaƙwalwa biyu a 3.2 GHz, sabuwar tana aiki da huɗu a 3.2 ɗin dai. Fitar da bidiyo aiki ne da ake iya raba wa hannuwa da yawa, shi ya sa ribar ta fito sosai. Wanda aikinsa buga takardu ne da kallon Facebook ba zai ji wannan bambanci ba, kuma irinsa SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, da ƙarin RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, nake ba shi shawara, ya bar furosesarsa ta huta.

Sai maganar ƙarin gudu, wadda ita ce ta fi jan hankalin samari idan suka ji labari. Intel ta bar ɗan gibi a waɗannan furosesoshi. Ana iya ƙara wa 4700MQ mataki biyu, wato 200 MHz, 4800MQ mataki huɗu, 4900MQ shida. Masu MX, irin 4930MX mai cin wat 57, su ne a buɗe gaba ɗaya. Wannan ma sai idan BIOS ta laftof ɗin ba ta kulle ƙofar ba. Manhajar da na yi amfani da ita ThrottleStop ce, kyauta take, ana samunta a TechPowerUp. A tagarta mai suna FIVR na ɗaga iyakar daga 32 zuwa 34, wato daga 3.2 zuwa 3.4 GHz, ga ƙwaƙwalwa huɗun, na buɗe manhajar HWiNFO a gefe ina kallon zafi, na sa mata aiki.

Ta hau 3.4, ta riƙe na ɗan lokaci. Fanka ta ɗau kuka. Zafi ya haura digiri 90 yana neman 100, wanda shi ne iyakar da furosesar ke fara kare kanta. Daga nan gudu ya fara sauka, ya wuce 3.2 ɗin da take riƙewa a da, ya ci gaba da yin ƙasa. A ƙarshen aikin babu ribar da zan iya nuna wa kowa. Ko da ta riƙe, 200 a kan 3200 kashi 6 ne cikin ɗari da ɗan ɗoriya. A bidiyon da ke cin minti 30, ƙasa da minti biyu ke nan za ka tsira da su.

Mafi yawan masu bayanin waɗannan abubuwa a intanet suna gwajinsu ne a ɗakunan Turai da Amurka, inda iskar ɗaki ba ta wuce digiri ashirin da 'yan kai. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakinka take turawa ta kan ƙarfe. A Zariya cikin Maris da Afrilu, shago mai rufin kwano da rana tsaka yana kusantar digiri 40. Wannan tazarar ta digiri goma sha wani abu kai tsaye take hawa kan furosesa. Saitin da ya zauna wa wani a Jamus lafiya, a nan tun kafin azahar ya gaza. Har a wajena ma, abin da na'urar ke jurewa da sanyin asuba a watan Disamba daban yake da abin da take jurewa a bazara.

Inda na sami riba ta gaske shi ne rage wutar da ke shiga furosesar, a wannan tagar ta FIVR dai. Kamfani yana ba kowace furosesa boltej fiye da buƙatarta, don a tabbatar har mafi raunin cikinsu ta yi aiki. Zafin da take fitarwa kuwa ba ya bin boltej ɗaya-da-ɗaya, ninkin kansa yake bi: rage kashi 10 cikin ɗari na boltej yana sauke kusan kashi 19 na wutar da aiki ke ci. Na riƙa ragewa milibolt goma-goma, ina gwadawa da TS Bench da ke cikin manhajar, sannan da ainihin aikin bidiyo. Idan ka wuce gona da iri, allo zai yi shuɗi ko na'ura ta daskare, ka sake kunnawa ka koma baya mataki biyu, ba ya ƙona komai. Abin lura shi ne sau da yawa ba a tsakiyar aiki mai nauyi take faɗuwa ba, sai tana zaune ba ta yin komai, ko an zare caja ta koma kan batir. Don haka gwajin awa guda bai isa ba, sai ka zauna da saitin cikin aikinka na yau da kullum. Tawa ta natsu a wajen milibolt 70 ƙasa da na kamfani. Ta wani za ta iya fin haka ko ta gaza, ko da lambarsu ɗaya.

Da wannan ragin, zafi ya sauko da digiri da dama, fanka ta rage ihu, kuma ƙwaƙwalwa huɗun suna riƙe 3.2 daga farkon bidiyo har ƙarshe. Batir ma ya ɗan ƙara jimawa, inbata ta sami sauƙi. Yanzu saiti biyu na ajiye a ThrottleStop. Na farko, mai matakai biyun ƙari tare da ragin wuta, na daren hunturu ne, lokacin da shago ya yi sanyi har sai na sa rigar sanyi. Na biyu babu ƙarin gudu ko kaɗan, shi nake amfani da shi mafi yawan shekara. Na kuma ɗaga bayan na'urar da ɗan katako don iska ta shiga ta ƙasa, na hana ƙannena ɗora ta a kan katifa, kuma duk ƙarshen hunturu zan buɗe murfin in share fanka.

Akwai abin da canjin furosesa bai magance ba, kuma ina gaya wa duk mai son bin sahuna kafin ya kashe kuɗinsa. Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa. Duk ƙarfin i7 ɗin nan, zubi na huɗu ce. RAM ɗinta kuma ba ta wuce 16 GB. Na sa wani SSD a gurbin faifan DVD na ɗora masa Linux Mint, wadda ke iya maye gurbin Windows, ina koyon yanka da manhajar Kdenlive a ranakun da babu aikin gaggawa. ThrottleStop ba ta aiki a can, amma akwai intel-undervolt da ke yin ragin wutar, kuma da ita zan gwada ko milibolt 70 ɗin za su zauna kafin bukukuwan bayan Sallah su taso.