Rahoton da na gyara a cikin imel

Ranar Alhamis ɗin nan na miƙa makullin ofis. Shekara huɗu na yi ina riƙe da wasiƙun wurin, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerar ya san abin da take ci, ba sai na lissafa ba. Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina.

Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, fanka ma sai hucin wuta take kaɗowa. Oga ya turo mini rahoton kuɗi na wata uku ta imel, fayil ɗin Word, sannan ya leƙo ya ce, "Gyara shi nan cikin imel ɗin, ka tura wa masu ba mu tallafi kahin La'asar." Tsohon Outlook na 2007, manhajar karanta imel, shi ne a kwamfutar ofis. Na danna fayil ɗin daga cikin wasiƙar, ya buɗe, na duƙufa tun hantsi. Na daidaita alƙaluma, na goge bayanan da ya rubuta a gefen shafi, waɗanda tsakanina da shi ne, har da inda ya ce masu ba mu tallafin ba sa karanta komai sai shafin ƙarshe. Bini-bini ina yin sebin, wato adana gyaran, don tsoron ɗauke wuta. Da na gama na rufe, na tura wasiƙar gaba, na tafi masallaci da kwanciyar hankali.

Ashe kwafi Outlook ya buɗe mini. Yakan ajiye irinsa a wata ɓoyayyiyar folda mai suna Content.Outlook, kuma can duk wahalata ta tare. Wanda ke maƙale a wasiƙar ko waƙafi bai canja ba. Shi na tura, da maganar shafin ƙarshe da komai. Sai ga shi mutanen suna karantawa.

Washegari a gaban kowa, har da masinja, ya ce, "Mi kaka yi tun sahe jiya? Wanga sakaci naka ya ishe ni." Na ce, "Yallaɓai, kai ka ce in gyara a ciki." Ya ce bai taɓa faɗa ba. Kafin Azahar takardar tuhuma ta iso teburina. Bayan kwana biyu wani yaro mai gyaran kwamfuta ya tono mini fayil ɗin, gyarana cif, da lokacin sebin na ƙarshe a jikinsa. Na kai masa. Ko allon bai kalla ba, ya ce an wuce wurin.

Kuskuren nawa ne, ban musa ba: da na sake buɗe abin da zan tura, da na gani. Amma musun da ya yi shi ya koya mini rubuta umarni. Da muka koma Gmail, na samu Google Keep, manhajar ajiye 'yan rubuce-rubuce, a gefen akwatin wasiƙu, duk abin da aka faɗa mini da baki sai in rubuta nan take, da rana da lokaci da wanda ke wurin. In maganar kuɗi ce, in bi shi da layi ɗaya ta imel: "Yallaɓai, kamar yadda ka umarta ɗazu." Ya tsani layin nan. Ban daina ba.

Tun ƙarshen 2020 Gmail ke barin mutum ya gyara fayil ɗin Word daga cikin wasiƙa ya mayar da amsa da shi, amma ni har gobe sai na sauke, na sa wa fayil kwanan wata a sunansa. Damar janye wasiƙar da aka tura, a kai ta daƙiƙa 30, iyakarta ke nan. Akwatin daraf, inda wasiƙun da ba a tura ba suke zama, ba littafin rubutu ba ne, yatsa ɗaya zai tura sirrinka.

Ranar sallama na roƙe shi ya cire takardar tuhumar daga fayil ɗina. Ya yi murmushi ya ce zai duba. Na rubuta a Keep, da rana da lokaci.