Buhu shida a kan sunan wanda ya karɓi biyu

Da na gama karatun kwamfuta na dawo ƙauyenmu a yankin Auyo, inda ake noman rani da ruwan Kogin Haɗeja, ƙungiyar manoman shinkafa ta danƙa mini littafinta: wa ya karɓi taki, buhu nawa, shanshera nawa zai biya bayan girbi. Littafin ya sha hannu, damina ma ta taɓa shi. Sai na ƙudurta mayar da shi manhajar waya.

Tun fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake hira da ita a rubuce, a Nuwamban 2022 ire-irenta suka yawaita, ɗaya daga cikinsu na riƙa a matsayin abokiyar aiki. Ta yi mini rana, ba zan ɓoye ba. Shafin rajista da na zaci zai ci mini mako, kafin la'asar ya tsaya da ƙafarsa. Daga nan na saki jiki: in faɗa, ta rubuta, in kwafa.

Ranar karɓar biya muna ƙarƙashin darbejiya, ga buhuna an jibge, ga ma'auni, na karanto wa wani dattijo cewa taki buhu shida ake bin sa. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ɗana, biyu na ɗauka, kuma a gabanka na ɗora su a kan amalanke." Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri in duba." Har yau ina jin nauyin wannan kallo, domin mutum ne da ba a taɓa jin sa da cin haƙƙin kowa ba, ga shi na sa ana waiwayensa a bainar jama'a.

Kwana biyu ina bin rubutun layi-layi kafin na gano ɓarakar, ashe guda biyu ce. Manhajar tana bambanta mutane da sunansu da na mahaifinsu, alhali a garinmu akwai masu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, sai laƙabi ke raba su. Ta haɗe bashin mutum biyu. Sannan ranar rabo sabis ya ɗauke ana tsakiyar aikawa, da ya dawo wayar ta sake turawa, aka rubuta buhu biyu sau biyu.

Ban gaya wa abokiyar aikin tawa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ita ma ba ta tambaya ba. Irin wannan basira daga tarin rubutun mutane ta koya, ciki har da manhajojin da ke ajiye a wurare irin su GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, kuma aikinta hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo baya. Abin da dubban mutane suka riga suka rubuta, ta iya shi sosai. Yadda sabis ke yi a fadamarmu kuwa, sai wanda ya tsaya a can da waya a hannu.

Wajen gyara na ƙara ganin halinta. Ta toshe nan, can ya ɓalle. Hira ta yi tsawo, ta manta ƙa'idar da muka kafa da safe. Sau ɗaya ta kira wani umarni na yaren rubuta manhaja na Python da babu shi sam. Wannan bai dame ni ba, don nan take manhajar ta tsaya. Wanda nake tsoro shi ne kuskuren da ke tafiya lami lafiya, ya fito da lissafi mai kyan gani, ita kuma ta miƙo shi da irin tabbacin da take miƙo daidai.

Ban daina aiki da ita ba. Amma yanzu ni nake zana tsarin a takarda tukuna, in yanka aikin ƙanana, kuma ba na shigar da layin da ba zan iya bayaninsa ba. Kowane manomi yana da lambarsa, kowace karɓa ma da tata, ko an tura sau goma ɗaya za a ƙirga. Kafin in yarda da gyara, sai na kashe data da gangan a tsakiyar aikawa na ga abin da zai faru.

Na je har gida na ba Baba haƙuri, a masallaci kuma na bayyana cewa kuskuren daga wajena yake. Littafin takarda ya dawo kan tabarma kusa da wayar, duk wanda ya karɓi taki yana dangwala yatsa a ciki, kuma haka za mu tafi har girbi mai zuwa.