Bagobirin shagonmu

Duk telan da ya taɓa kwana a shago a goman ƙarshe na azumi ya san yadda zuciya ke kusa. Shagonmu yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, mu 6 ne a kan keke 4. Ga zafi, ga ɗauke wuta, ga masu kayan Sallah suna ta zarya, kowa ji yake nasa ne kaɗai a gabanmu.

A irin wannan dare ne na ɓata wuyan rigar wani Alhaji, shadda mai tsada, almakashi ya zarce. Maigida ya ɗaga rigar yana huci, shago ya yi tsit. Sai wani Bagobiri da muke aiki tare ya ce, ko kai bai ɗago ba: "Ranka ya daɗe, kai ma da neman magana. Ka ba Bakatsine almakashi? Bayina ne fa, ni na san hannunsu." Maigida, wanda shi ma Bakatsine ne gaba da baya, ya cije, ya cije, dariya ta ƙwace masa. Da aka huce sai dabara ta zo, aka faɗaɗa aikin wuya ya rufe ɓarnar.

Wasan Katsinawa da Gobirawa daɗaɗɗe ne, kamar namu da Nufawa, kuma ba a fushi a cikinsa. Mutumin nan har cewa yake hasumiyar Gobarau tasu ce, wai a duba sunan.

Ni kuwa sai na ɗauka kowace dariya magani ce. Bayan Sallah wani yaro mai koyon aiki ya ƙona hannun riga da dutsen guga, na mai da shi abin dariya a gaban masu kaya. Kowa ya dara ban da shi. Kwana 2 bai zo ba.

Bagobirin ya ja ni gefe. "Ni da kai akwai wasa tun kakanni, in na faɗa maka kana da bakin ramawa. Shi yaron nan da me zai rama?"

Da la'asar na bi shi gidansu a Rafindadi na ba shi haƙuri. Washegari ya dawo, amma sai da aka yi kusan wata kafin ya sake yin dariya in ina wurin.