15 ga Yuli: Ta ina ake shiga littattafan Roberto Bolaño?

Yau ce ranar da Roberto Bolaño, marubuci ɗan ƙasar Chile, ya rasu a Barcelona, a 2003, yana da shekara 50, bayan doguwar jinyar ciwon hanta. Yinin nan kacokan ya tafi a jera littattafansa bisa tsarin da ya kamata sabon mai karatu ya bi, domin yawancin masu cewa ya gagare su da babban littafinsa mai suna 2666 suka fara. Shafi kusan 900 ne a fassarar Turanci, kashi biyar, kuma a kashi na huɗu ake zubewa.

Da safe waƙoƙi. Mutumin mawaƙi ya ɗauki kansa tun yana matashi a birnin Meziko, inda shi da Mario Santiago Papasquiaro suka kafa ƙungiyar mawaƙa masu bore a tsakiyar shekarun 1970. A karanta The Romantic Dogs a zama ɗaya, ba doguwa ba ce. Ba dukan waƙoƙin ne suka yi ƙarfi ba, amma a nan ake fara gamuwa da 'yan sandan ciki, da samarin da juyin mulkin Chile na 11 ga Satumba 1973 ya tarwatsa, kuma su ne mutanen duk labaransa da suka biyo baya.

Da hantsi na koma kan ƙananan littattafai uku, waɗanda a ganina su ne ƙashin bayan aikin. Distant Star na 1996 faɗaɗa babin ƙarshe ne na littafinsa Nazi Literature in the Americas: matuƙin jirgin sojan Pinochet, shugaban mulkin sojan Chile, da ke rubuta waƙa da hayaƙi a sararin sama, yana kuma kashe mata. A karanta babin tukuna, sannan littafin, za a ga yadda yake ɗaukar shafuka kaɗan ya buɗe su. Haka Amulet na 1999 ya fito daga wani babi na The Savage Detectives: mace ɗaya ɓoye a bayan gida a jami'ar Meziko lokacin da sojoji suka mamaye ta a Satumbar 1968. A cikin Amulet ne lambar 2666 ta bayyana, a matsayin shekarar wata maƙabarta. A cikin littafin 2666 kansa kuwa ba a ambace ta ba.

By Night in Chile ya fi ci mini lokaci. Mai ba da labarin limamin coci ne a gadon mutuwa yana wanke kansa, kusan sakin layi ɗaya daga farko har ƙarshe, don haka kada a yanka shi kwana-kwana, zaren zai kuɓuce. Ya koya wa Pinochet da janar-janar ɗinsa aƙidar Markisanci, ya halarci liyafar marubuta a wani gida da ake azabtar da mutane a ɗakin ƙasa. Gidan nan yana da tushe a tarihi, gidan Mariana Callejas da mijinta Michael Townley a Santiago. Wannan wurin yana tayar mini da hankali duk lokacin da na zo kansa, saboda baƙin sun ji labari kuma suka ci gaba da zuwa.

Sai da yamma na taɓa 2666. Kashi na huɗu yana jera gawarwakin mata sama da ɗari daga 1993 zuwa 1997 a Santa Teresa, wato birnin Ciudad Juárez na ƙasar Meziko da aka sauya wa suna, da harshen rahoton likitan gawa: inda aka tsince ta, tufafin da ke jikinta, raunukan, sannan a rufe fayil. Mai karatun da ke jiran a kama mai kisa zai gaji, domin ba za a warware ba, kuma da gangan ne. Shafi ashirin zuwa talatin a rana ya isa a nan, kuma kada a tsallake sunayen. Bolaño ya so a fitar da kashin biyar daban-daban don 'ya'yansa su sami abin dogaro. Magadansa da kamfanin buga littattafai na Anagrama suka haɗe su wuri guda a 2004. Wanda ya ga nauyin ya yi masa yawa yana iya bin wasiyyar marubucin, ya huta tsakanin kowane kashi.