Wasiƙa daga Manchester: ruwan rufinmu da na maƙwabta

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Kun yawaita tambayata irin gidajen da muke zaune a Ingila, da abinci, da sanyi. Bari in fara da gidan.

Gidajen layinmu a manne suke, bango ɗaya ya raba ni da maƙwabcin dama, ɗaya da na hagu. Da jan bulo aka gina su a ƙarni na 19, domin ma'aikatan masaƙun auduga. Rufin ma haɗe yake. A bakinsa akwai doguwar magudana da ke tare ruwan sama tana bi gida-gida, sai bututu ɗaya ya sauko da ruwan gidaje huɗu. Bututun yana jikin gidan wata dattijuwa.

Ruwan garin nan bai san damina ba, kowane wata yana zuba. A Nuwamba ganyaye suka toshe bakin bututun, ruwa ya riƙa gangarowa ta bangona. Ban ankara ba sai da fumfuna ta yi baƙi a ɗakin yara, ƙaraminsu ya fara tari. Raina ya ɓaci matuƙa.

Daga nan sai takardu. Kamfanin ruwa ya ce tun 2011 magudanun ƙarƙashin ƙasa da gidaje suka yi tarayya a kansu nasa ne, amma abin da ke jikin rufi na masu gida ne. Na biya kuɗi na sauko da kwafin takardar mallakar gida ta intanet. A ciki an rubuta cewa ruwan kowa yana da haƙƙin wucewa, kuma kowa ya ba da kasonsa na gyara. Wa zai fara, ba a faɗa ba. Mako uku ina rubuce-rubuce, bango yana shan ruwa.

Ƙarshe dai na ƙwanƙwasa ƙofar dattijuwar. Ashe ba ta ma sani ba, ga tsufa, ba ta iya hawa tsani. Muka yi karo-karo, muka kira mai gyara, ya kwashe ganyen ya sa raga a bakin bututun. Yanzu duk Oktoba za a duba.

Na tuna Kano, idan indararon wani ya zuba a gidan maƙwabci, mai unguwa kan kashe maganar a yini guda. Don Allah kafin ruwan fari kowa ya leƙa inda indararonsa ke zuba, a yashe kwata, a kwashe leda, musamman inda katangar ƙasa ce a tsakani.

Abinci kuwa, ana samun gero da kuka a shagunan 'yan Afirka. Batun sanyi sai wasiƙa ta gaba.

Ku gaida mutanen gida.