Kafin ku tambaye ni ingarma, ku ji labarin uwarsa: wasiƙa daga Kildare

Assalamu alaikum jama'ar gida, ya iyali, ya dawakai. Tun da na fara sa hotunan bargar da nake aiki a nan Kildare ta ƙasar Ailan tambaya ɗaya ake ta jefo min a WhatsApp da Facebook, wane ingarma ne ya fi gudu, nawa ne kuɗinsa, za a iya kawo shi Kano ko Katsina? To bari in amsa gaba ɗaya, in da hali in taɓo farashi da abincinsu, amma da goɗiya zan fara, don a nan in ka zauna da masu kiwo kana yabon doki abin da za su fara tambayarka shi ne wace ce uwarsa.

Sunanta Urban Sea. Jar goɗiya ce da aka haifa a Kentucky ta Amurka a 1989, ubanta Miswaki, uwarta Allegretta mai jinin dawakan Jamus. An sayar da ita tana 'yar shekara ɗaya a kasuwar Deauville ta Faransa, daga baya ta zama ta iyalan Tsui 'yan kasuwar Hong Kong, Jean Lesbordes ne mai horar da ita. Ta sha yawo wallahi, ta yi sukuwa a Faransa da Ingila da Jamus, ta je har Kanada da Japan. A Oktoban 1993 aka shigar da ita Prix de l'Arc de Triomphe, wadda ake ce wa Arc a taƙaice, a filin Longchamp na Paris, gasar da ta fi kowacce daraja a Turai, mita 2,400, ƙasa ta jiƙe sharkaf, kuma kusan ba wanda ya sa ta a lissafi. Mahayinta Eric Saint-Martin ya bi da ita ta jikin shinge, ta riga White Muzzle da tsawon wuya kawai, Opera House ya zo na uku. Shekara ta zagayo ta ji ciwo a ƙafa aka ajiye ta don haihuwa.

Nan ne fa abin mamakin yake. 'Ya'yanta huɗu ne suka ci gasa mai daraja ta ɗaya, Galileo da Black Sam Bellamy da My Typhoon da Sea The Stars, daga ubanni uku daban-daban, kun ga kenan abin daga gare ta yake. Galileo da ta haifa wa Sadler's Wells a 1998 ya ci manyan gasa uku, Derby ta Epsom a Ingila da ta Ailan da King George, duk a 2001, da ya koma barbara kuma sau 12 yana zama zakaran ubannin dawaki na Birtaniya da Ailan kafin ya mutu a 2021. Frankel da kuke turo min bidiyonsa, wanda ya fita sau 14 ba a taɓa cin sa ba, ɗan Galileo ne, jikanta kenan. A Arc ta 2016 na ɗaya da na biyu da na uku duk 'ya'yan Galileo ne. Shi kuwa Sea The Stars a 2009 ya kwashe manyan gasa shida cikin wata shida, ya rufe da Arc ɗin da uwarsa ta ci shekara 16 kafin nan. Ita ba ta ga wannan ba, ta mutu a watan Maris na shekarar a gidan kiwon dawaki na Irish National Stud, nan kusa da mu, jim kaɗan bayan ta haifi autanta Born To Sea, wata goɗiya aka samo ta shayar da shi.

Ta yaya na san duk wannan? Takarda, 'yan uwa, takarda! Wannan abu har yau yana ɗaure min kai. Duƙushi bai gama ƙwari a ƙafa ba likitan dabbobi ya iso da fom, ya tsaya cikin sanyin nan mai shiga ƙashi hannunsa na rawa yana zana duk farin da ke goshi da ƙafafu, yana laluben inda gashi ya murɗe a wuya da ƙirji yana sa alama, ya ɗebi jini a tabbatar uban da aka ce shi ne uban, ya sa masa ɗan ƙwayar lamba a ƙarƙashin fatar wuya ta hagu, sannan a ba shi fasfo nasa na kansa wanda ba ya zuwa ko'ina sai da shi. Kamfanin Weatherbys ke riƙe da littafin asali tun 1791. Suna ma ba ya wuce harafi 18. Barbara dole ingarma ya hau da kansa a rubuta ranar, in ta allura aka yi ba za a sa ɗan a littafi ba. Kuma kowane doki 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara ko yaushe aka haife shi, shi ya sa kowa ke son haihuwar farkon shekara, ciki kuwa wata 11 ne, don haka tun Disamba muke barin wa goɗiyoyi fitila a kunne har dare su ɗauka bazara ta yi, mu kuma mu kwana a barga da rigunan sanyi bisa juna muna gadin masu naƙuda.

Mu a gida ingarma ne abin ado, shi ake wa kwalliya a hau ran sallah, goɗiya tana can ƙauye ba wanda ya san sunanta, in ka tambayi dillali asalin doki sai ya ce maka daga Chadi ko Sudan aka kawo shi, magana ta ƙare. Ni roƙona ga iyayenmu masu barga, Allah ya ƙara girma, littafin makaranta ɗaya ya isa a fara. A rubuta goɗiya kaza, ingarman da ya hau ta, watan da ta haihu, da abin da ɗan ya yi a fili. Wadda ta ba ka mai gudu sau biyu kada ka sayar da ita don an taya da kyau, 'yarta mace ma ka riƙe. Wani doki mai suna Masar da ya ci Derby a 2018 ta wajen Melikah 'yar Urban Sea ya fito, ubansa New Approach kuma ɗan Galileo ne, jinin Urban Sea ta gefe biyu kenan.

Farashi kam sai wani karon, rubutun ya yi tsawo. Masu son a kawo musu irin waɗannan gida kuma ku fara zama da likitan dabbobi kan zafin Afrilu da cutar dawaki ta Afirka da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, don dokin da ya tashi a ciyawar Kildare bai san ko ɗaya ba. A gaida mutanen filin sukuwa.